Kwanciya Da Rufe Ɗaki: Darasi Ga Mai Juna Biyu Daga Binciken 'Yan Sama Jannati



Akwai shawarwari biyu da kusan kowace mai ciki take shan ji daga bakin masu ƙaunarta. Ta farko ita ce, "kwanta ki huta, kada ki motsa." Ta biyu kuwa, "a rufe ɗakin nan kada sanyi ya shige ta." Duk wanda ya faɗa miki haka don so ya faɗa, wannan babu shakka. Amma a ra'ayina, waɗannan shawarwari in aka wuce gona da iri a kansu, cutarsu ta fi amfaninsu yawa. Hujjata kuma zan ɗauko ta ne daga inda ba ki zata ba, wato binciken da ake yi domin kare lafiyar 'yan sama jannati.

Tun daga watan Nuwamban 2000 ba a taɓa rasa mutane ba a cikin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 a saman kanmu, tana kewaya duniya sau ɗaya a cikin kusan minti 90. A can abu ba shi da nauyi. In mutum ya saki cokali ba zai faɗi ba, nan zai tsaya yana lilo a gabansa. Jikin ɗan Adam kuwa ya saba da zaman ƙasa ne, inda nauyi ke jan jini da ruwan jiki zuwa ƙafafu. Da zarar nauyin ya kau, sai ruwan da ya kai kusan lita 2 ya baro ƙafafu ya hau ƙirji da kai. Fuska ta kumbura, hanci ya toshe kamar na mai mura, ƙafafu su sirance. An daɗe kuma 'yan sama jannati suna ba da labarin wani irin nauyin kai, inda aikin da suka saba gamawa da sauri a ƙasa sai ya riƙa cin musu lokaci.

Matsala ta biyu ita ce iska. Tashar a rufe take ruf, babu tagar da za a buɗe. Duk numfashin da mutum ya fitar yana ɗauke da wata iska da ake kira kabon dayoksaid, wadda ita ce dattin da jiki ke zubarwa bayan ya yi amfani da iskar oksijin. A iskar waje, yawanta bai wuce kashi 0.04 cikin 100 ba, amma a numfashin da kike fitarwa ta kai kusan kashi 4 cikin 100, ninki ɗari ke nan. Akwai na'urorin da ke tace ta a tashar, duk da haka yawanta a can yakan kai har kusan ninki goma na iskar waje. Bugu da ƙari, a nan ƙasa numfashi mai ɗumi da kansa yake tashi sama ya bar fuskar mutum. A can kuwa ba ya tashi, taruwa yake yi a gaban fuskar mai barci, shi ya sa dole fanka ta kwana tana kaɗa masa iska. A shekarar 1970, lokacin da kumbon Apollo 13 ya lalace a hanyarsa ta zuwa duniyar wata, mutum uku ne suka cunkusu a sashen da aka yi don mutum biyu, kuma taruwar wannan iska na cikin abubuwan da suka so halaka su, sai da suka haɗa matata da leda da kwali da salatif. A 2014 kuma likitocin hukumar NASA ta Amurka suka buga rahoto cewa ciwon kai yana ƙaruwa a tsakanin mazauna tashar a lokutan da iskar ta ƙaru.

To, wanne ne yake dakushe tunani, hawan ruwa zuwa kai ko iskar? Domin amsa wannan tambaya ba sai an je sama ba. Tun a shekarun 1970 masanan tsohuwar Tarayyar Sobiyat suka gano cewa in aka kwantar da mutum a gadon da aka karkata, kai yana ƙasa da ƙafafu da digiri 6, jikinsa yakan yi kusan abin da yake yi a sararin samaniya. Wannan hanya ce ake bi har yau. A 2017, a birnin Kolon na ƙasar Jamus, an kwantar da mutum 11 masu cikakkiyar lafiya, maza da mata, har kwana 30 a irin wannan gado, ba filo, ba dogara gwiwar hannu. Ci da sha, wanka da bayan gida, duk a kwance. Aka kuma ɗaga kabon dayoksaid ta ɗakin zuwa kashi 0.5 cikin 100 domin ta yi kama da ta tashar. Ana yi musu gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa a kwamfuta, na tuna abu da lissafi da saurin mayar da martani, kafin kwanciyar da lokacinta da bayanta.

Abin da aka samu shi ne hankalinsu bai gushe ba, suna ba da amsa daidai, amma saurinsu ya ragu. Raguwar ba babba ba ce, ta fara tun a kwanakin farko, kuma ta fi bayyana a ayyukan da ido da hannu suke yi tare. Biyar daga cikin 11 ɗin kuma an ga kumburi a bakin jijiyar gani da ke can bayan ido, irin wanda ake gani ga wasu 'yan sama jannati da suka daɗe a sama. Da farko kowa zai ɗora laifin a kan iskar. Sai a 2019 aka sake wani gwajin a wuri ɗaya, mutum 24 har kwana 60, wannan karon da iska irin ta kullum. Su ma saurinsu ya ragu, an kuma ga kumburin jijiyar ido a wasunsu. Da Farfesa Mathias Basner na Jami'ar Fensilbaniya da abokan aikinsa suka kwatanta gwaje-gwajen biyu, sai ta bayyana cewa kwanciyar ce babbar mai laifi, ƙarin iskar bai ƙara wani abin a zo a gani ba. Akwai wani abu a gwajin na kwana 60 da na fi so iyali su lura da shi. Yayin da kwanaki suke tafiya, mutanen sun riƙa ɗaukar lokaci kafin su gane yanayin fuskar mutum a hoto, kuma sun fi saurin cewa fuskar fushi ce, ko da ba ita ba ce. Wanda ya taɓa jinyar mutumin da ya daɗe a kwance ba zai yi mamakin wannan ba.

Gaskiya ne babu mai ciki ko ɗaya a cikin waɗannan mutane, kuma ke ba da kai a ƙasa kike kwanciya ba. Saboda haka ba zan ce miki duk abin da ya same su zai same ki ba. Sai dai wannan fanni na bincike shi ne ya fi kowanne nuna abin da doguwar kwanciya ita kaɗai take yi wa lafiyayyen jiki, domin an cire ciwo daga lissafin. A 1966, a birnin Dalas na Amurka, an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado na mako uku kacal. Da suka tashi, ƙarfin zuciya da huhunsu na ɗaukar aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan aka auna su, sai aka ga cewa tsufan shekara 30 bai rage musu ƙarfi kamar yadda mako ukun nan suka rage ba. A 2005 kuma, a birnin Tulus na Faransa, mata 24 suka kwanta kwana 60. Waɗanda aka sa suna motsa jiki a kwancen sun riƙe ƙarfin naman ƙafafunsu, waɗanda ba su motsa ba kuwa sun zube. Wannan ne dalilin da ya sa mazauna tashar sama suke motsa jiki kimanin awa biyu a kowace rana, dole ba don sha'awa ba. Hausawa ma sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Yanzu ki dubi kanki. Haihuwa aiki ne na ƙarfi, tana buƙatar zuciya da huhu da naman ciki da na cinya. Macen da ta shafe watanni biyu ko uku na ƙarshe a kan gado za ta iso ɗakin haihuwa da jikin da ya riga ya saki. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Jinin mai ciki ya fi saurin daskarewa, domin haka Allah ya shirya shi saboda tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Shi ya sa haɗarin samun gudan jini a jijiyar ƙafa ya ninka na wadda ba ta da ciki sau huɗu zuwa biyar. Tafiya ce take matsa jinin ƙafa ya koma zuciya. In aka daina ta, jinin ya kwanta, gudan zai iya haɗuwa, ya ɓalle ya tafi huhu, kuma wannan yana kisa nan take.

Da a ce kwanciyar tana hana ɓari ko haihuwar bakwaini, da sai mu ce a jure. Shekaru da yawa likitoci da kansu sun yi ta ba da wannan shawara a ko'ina cikin duniya, amma da aka tattara binciken da aka yi a kai, ba a ga ta hana ba. Tun a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar a tsare mai hawan jinin ciki a gado ba tashi, domin ba ya gyara sakamakon. A 2020 ƙungiyar ƙwararrun likitocin masu ciki ta Amurka ta ce kada a mayar da hana motsi ya zama magani ga wadda ake jin tsoron za ta haifi bakwaini. A wannan shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mai cikin da ba ta da matsala shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako. In kika raba, kusan minti 20 ne da 'yan kai a rana. Ko ba kya fita, zagayen tsakar gida da safe da yamma, da shara, da 'yan aikace-aikacen da ba na ɗaga kaya ba, za su biya.

A nan sai na tsaya na yi magana da kai, maigida, kada ka ɗauki wannan takarda ka je kana karanta wa matarka a matsayin hujjar barin ta da turmi. A gidaje da yawa matsalar ba yawan kwanciya ba ce, rashin hutu ne. Mace da ciki wata takwas tana daka, tana jan ruwa a rijiya, tana ɗauko itace, ga goyo, ga girkin gida guda. Wannan ba motsa jiki ba ne, wahala ce, kuma ita ma tana da nata haɗarin. Abin da nake faɗa shi ne ta yi barcinta isasshe, ta yi ƙailularta, ta ɗaga ƙafa in ta kumbura, amma kada rana ta fito ta faɗi tana kan gado alhali lafiyarta ƙalau. Haka kuma in likita ya kwantar da ke a asibiti saboda zubar jini, ko mabiyiya ta tare hanya, ko faya ta fashe kafin lokaci, wannan daban ne. An ajiye ki ne kusa da masu sa ido da ɗakin tiyata. Ki bi abin da aka ce, sannan ki tambayi likita ko malamar jinya iyakar motsin da aka yarda ki yi, ko da juya idon sawu ne da lanƙwasa gwiwa a kan gadon. In kuma za ki yi barci, daga mako 28 zuwa sama ki kwanta ta gefe, domin rigingine yana sa mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya.

Mu koma kan iska. Na ce a gwajin Kolon ba ita ce ta fi laifi ba, kuma binciken da aka yi a ƙasa ma bai zo ɗaya ba. A 2012 wani gwaji a Bakli ta jihar Kalifoniya ya nuna iya yanke shawara yana raguwa sosai in iskar ta kai kashi 0.25 cikin 100, amma a 2018 aka gwada sojojin jirgin ƙarƙashin teku na Amurka da wadda ta ninka haka sau shida, ba a ga raguwa ba. To me ya sa nake cewa a buɗe taga? Saboda barci. A ƙasar Danmak an auna ɗakunan kwanan ɗalibai, mutum ɗaya a ɗaki, aka buga sakamakon a 2016. In taga tana rufe, iskar takan kai kusan kashi 0.25 cikin 100, in tana buɗe kuwa ba ta kai 0.1 ba. A dararen da iska take shiga sun fi samun barci mai kyau, sun tashi ba kasala, sun kuma fi ƙoƙari a gwajin tunani washegari. Wannan fa mutum ɗaya ne. Ki ƙirga mutum nawa ke kwana a ɗakinki a daren hunturu, an rufe ƙofa, an toshe taga da kwali ko tsumma, ga turaren wuta, ga maganin sauro na kunnawa.

Jikin mai ciki kuma yana da wani shiri na musamman game da wannan iska. Jaririn da ke cikinki ba ya numfashi da huhunsa, kabon dayoksaid ɗinsa ta mabiyiya take bi ta shiga jininki, ke kuma ki fitar masa da ita. Domin hanyar ta yi sauƙi, sinadarin ciki yakan sa ki riƙa jan numfashi mai zurfi, har ma'aunin iskar a jininki ya sauko daga kusan 40 zuwa kusan 30. Wannan ne ya sa mata da yawa suke jin kamar numfashi bai ishe su ba tun cikin bai tsufa ba, kuma shi ya sa mai ciki ta fi kowa saurin jin ɗaki ya cushe. In ta ce a buɗe taga, ba shagwaɓa ba ce. Maganin sanyi bargo ne da safa da rigar sanyi, maganin sauro kuma gidan sauro mai magani da raga a taga.

Mantuwar da masu ciki suke kuka da ita ma gaskiya ce. A 2018 masana a Ostireliya sun tattara bincike 20, suka ga tuna abu da tsara aiki suna ɗan raguwa, musamman a watanni uku na ƙarshe, amma ba su fita daga iyakar lafiya ba. Saboda haka in ta manta gishiri a miya ko ta manta inda ta ajiye makulli, ba abin faɗa ba ne. Sai dai kada a ƙara mata da rashin barci mai kyau, da wuni a kwance, da kaɗaici a ɗaki. In mantuwar ta zo da jiri da bugun zuciya da farin ido, a zo a auna jini, domin ƙarancin jini ya fi kowane dalili yawa a wurinmu.

Akwai wata iskar da sunanta ya yi kama da wadda muke magana a kai, amma ita guba ce tsantsa, wato kabon monoksaid. Daga garwashin gawayi take fitowa, da hayaƙin janareta, da risho, in suna ci a inda iska ba ta shiga. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau fiye da 200, kuma jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe ta, ta yadda uwa za ta iya farfaɗowa alhali abin da ke cikinta ya riga ya cutu. Alamominta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da rikicewar tunani, kuma sau da yawa mutum yakan wuce daga barci ba tare da ya farka ba. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi duk da ciwon kai lokaci guda, a fita waje nan take a taho asibiti. Kaskon wuta ba ya kwana a ɗaki. Janareta kuma ba a kunna shi a zaure ko a ƙarƙashin taga ko a baranda mai rufi, komai tsoron ɓarayi. Ku iyayenmu, wannan magana ta shafi ɗakin mai jego ma. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya bayan haihuwa ya yawaita a inda ake haɗa wa mai jego wankan tafasasshen ruwa da gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa da kunun kanwa mai yawa. Jaririn kwana uku yana shaƙar duk abin da ke cikin ɗakin nan tare da uwarsa.

Abu ɗaya da nake roƙo kada a yi shi ne a ɗora kowane ciwon kai a kan iskar ɗaki. Ciwon kan da cushewar ɗaki ta kawo yakan lafa in an fita an sha iska. Amma in cikinki ya wuce mako 20, kika ji ciwon kai mai tsanani wanda bai lafa ba, ko idonki yana ganin dishi-dishi ko walƙiya, ko fuska da hannaye suka kumbura farat ɗaya, ko kika ji ciwo a saman ciki ta hannun dama ƙarƙashin haƙarƙari, to waɗannan alamun hawan jinin ciki ne, wanda yake iya kaiwa ga jijjiga. Ba a jiran ranar awo, ba a jiran gari ya waye, ba a kuma cewa ta kwanta ta huta zai wuce. Haka nan in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi da ciwo, ko numfashi ya sarƙe miki farat ɗaya da ciwon ƙirji, ko motsin jariri ya ragu. Maigida, tun yau ka san motar da za ta kawo ta in abin ya zo cikin dare, ka ajiye lambar direban, katin awonta kuma ya kasance a inda kowa a gidan ya sani.